Babban Yatsan Kawu da Zaɓen Sanatocin Kano

Kawu ya rasu a ɗakinsa na unguwar Karantina cikin watan Zulƙida, daidai lokacin da jiragen alhazan Najeriya suka fara sauka a Jidda. Wanda ya ba mu aronsa ya karɓi abinsa, kuma can za mu tarar da shi. An yi masa salla bayan la'asar, muka kai shi makwancinsa, muka dawo muka shimfiɗa tabarmi a lungun ƙofar gida.

Masu ta'aziyya sun zo da yawa, amma kaɗan ne suka daɗe a zaune. A Karantina, musamman gab da aikin hajji, taron baƙar fata a waje yakan jawo masu binciken takardu, kuma ba kowa ke da iƙama, wato takardar izinin zama, a aljihu ba. Duk motar da ta tsaya a bakin lungu sai addu'a ta katse, kawuna su juya, sai an ga mai sayar da ƙanƙara ne sannan a ci gaba. Maƙwabcinsa, wani tsoho Bahaushen Sudan da suka shekara da shekaru suna faɗa suna shiryawa, ya dubi jama'ar ya ce da mamacin yana nan da tuni ya sallami kowa, ya naɗe tabarmin da kansa. Aka yi 'yar dariya, aka kuma dubi bakin lungu.

'Ya'yansa maza biyu, haifaffun Jidda, suna tsaye suna amsa gaisuwa da Larabci. Babban ya ja ni gefe ya ce, "Abuya kullum kha'if yake, a tsorace, wallahi ba mu san lesh ba. Yana da iƙama, yana da kafili mai tsaya masa, me yake tsoro?" Kafin in ba shi amsa, malamin da ya yi wa gawar wanka ya matso ya tambaye ni a hankali abin da ya sami babban yatsan Kawu na dama. Ya ce ya wanke gawarwakin masu aikin siminti da na masu wanki, bai taɓa ganin yatsan da zanensa ya shafe haka ba, sumul kamar cikin cokali.

Tambayoyin nan biyu amsarsu ɗaya ce. Ni ɗan ƙanwarsa ne, aikin rediyo ya kawo ni Jidda, a gidansa na sauka, kuma a gabana aka yi yawancin abin da zan faɗa. Na rubuta shi don kada 'ya'yansa su tuna da shi a matsayin matsoraci kawai.

Kawu mai tsire ne a unguwar Hindawiyya. Kafin tsire ya yi ga-ruwa da garwa biyu a sanda, ya yi dako a tashar jiragen ruwa. Dogo ne, mai rangwamen murya, kuma duk wanda ya zauna da shi ya san kalmarsa: "Wa ke kallo?" Ita yake fara faɗa in za a kawo masa wani zance, ko da kuwa zancen kuɗin albasa ne. A masallaci kusa da ƙofa yake tsayawa. A cikin taro hannunsa na dama yana cikin aljihun jallabiya. In zai tsayar da mota, da haɓa yake yi mata alama, shi ya sa motoci da yawa sukan wuce shi, matarsa, wadda muke kira Inna, ta riƙa yi masa tsiya cewa zai kwana a titi saboda rowar ɗaga hannu.

Asalin wannan ɗabi'a yana ƙauyenmu, a ƙasar Kano, cikin shekarun hamsin na Turawa. Zaɓen karkara a lokacin babu akwati, babu takarda. Ana tara magidanta a ƙofar dagaci, a kira sunan ɗan takara, masu sonsa su ɗaga hannu. Wani tela ya tsaya a jam'iyyar da masu mulki ba sa so, samarin gari da dama suka yi alkawarin za su ɗaga masa. Da aka kira sunan telan, Kawu ya ɗaga. Ya ce mini da ya waiwaya sai ya ga hannayen da ke sama ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Dagacin ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya.

Bayan kwanaki aka ce ya zagi dagaci a kasuwa. Aka yi masa bulala, aka ɗaure shi. Yana ɗaure matarsa ta fari ta rasu, ta bar jaririya. Da ya fito ya tarar an ba wani gonarsa, mutanen da suka yi alkawari tare da shi kuma suna sauya hanya in sun hango shi. Ya miƙa jaririyar ga mahaifiyata, ya bi ayarin masu tafiya hajji ta ƙasa. Ya tsinci auduga a Sudan har ya tara na jirgin ruwa, ya ƙetaro. Bai sake taka Najeriya ba.

Wannan 'ya, wadda nake kira Yaya domin tare muka tashi a ɗaki ɗaya, ita ce 'yarsa ta fari, don haka bai taɓa kiran sunanta ba. "Yarinyar nan" yake cewa, har bayan ta yi aure ta haifi 'ya'ya. Ya hana a rubuta masa wasiƙa zuwa gare ta, domin a ƙauye wasiƙa sai an kai wa wani ya karanta. Da rikoda ta yawaita sai suka koma kaset. Kowace shekara wani alhaji ya kawo nata, ya koma da nasa, nasa kuma gaisuwa ce zalla, da tambayar damina, da addu'a.

A Jidda ya sami sabon abin tsoro, wanda ake kira basma, wato dangwala yatsa a tawada. Mutanen Karantina sun yi imani cewa duk wanda ya taɓa dangwala yatsansa a takardar hukuma, takardar ta san shi har abada, ko ya sauya suna, ko ya sauya gari. Waɗanda aka taɓa kamawa aka mayar gida suka sake dawowa sukan goga yatsa a dakalin siminti don zanen ya dushe. Inna ta ce ranar da Kawu ya dangwala nasa don a ba shi iƙama, zazzaɓi ya kwantar da shi, yana ta wanke yatsan da kananzir.

Duk da haka, a ɗakin wannan mutum ne baƙi marasa takarda suka fi kwana. Alhajin da guzurinsa ya ƙare, ko matar da mijinta ya mutu a Mina, Kawu zai tambaya wa ke kallo, ya leƙa lungu sama da ƙasa, sannan ya buɗe ƙofa. Akwai wata tsohuwa daga Damagaram da ta yi wata da watanni a bayan labulen Inna. In an ƙwanƙwasa ƙofa sai ya firgita, na gani da idona, amma bai taɓa cewa ta tafi ba. Da ta rasu shi ya bi duk wahalar da ake sha kafin a binne wanda ba shi da takarda.

Faɗansa da maƙwabcin kuwa kullum a kan rediyo ne. Tsohon yana son labaran Hausa da ƙarfi, a ƙofar gida, yana sharhi. Kawu yana so a saurara a ɗaki, murya ƙasa, taga a rufe. Da aka fara maganar sojoji za su mayar da mulki ga farar hula, faɗan ya tsananta. Wata rana Kawu ya fita ya kashe rediyon mutumin da hannunsa na hagu. Maƙwabcin ya ce masa Bakano mai tsoron inuwarsa, shi kuma ya ce masa ai wanda aka haifa a gonar audugar wasu ba shi da garin da za a kore shi daga ciki. Sun yi mako ba sa gaisawa, sai dai tsiren da Kawu ke aika masa kowace yamma bai fasa zuwa ba.

Cikin Rajab na shekarar 1979 wani ɗan kasuwa da ya zo umara ya kawo kaset ɗin Yaya, ba a lokacin da aka saba ba. Muka saurara bayan azahar, ni da shi da Inna. Bayan gaisuwa ta ce za a yi zaɓe, na sanatoci ne farko, kuma bana mata ma za su jefa ƙuri'a. Ta ce ɗan takarar da take so na ɓangaren da mahaifinta ya ɗaga wa hannu ne, ita ke bi gida gida tana tara matan unguwa, kuma duk inda ta shiga sai an ce ga 'yar wane. Da alfahari take magana. Ta ƙara da cewa kada ya damu, yanzu ba a ɗaga hannu, takarda ake ba mutum ya shiga wani ɗan ɗaki ya dangwala babban yatsa a gaban alamar jam'iyyar da yake so.

Kawu ya sa na mayar da wurin. Da ya sake ji, sai ya dafa bango ya zauna sosai.

"Basma," ya ce. "Hannu ai ana saukewa. Wannan kuwa sun ajiye shi ke nan."

Na yi masa bayani yadda na fahimci tsarin, kuma na fahimce shi, domin kullum muna karanta shi a labarai. Babu suna a takardar, ana cusa ta cikin akwati tare da na sauran jama'a, kuma babu mai zama ya gwada zanen yatsun mutanen jiha guda. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce ni ɗan labarai ne, abin da aka rubuta mini nake karantawa. Ya ce gidan da ya ɗaure shi har yanzu shi ke riƙe da ƙauyen, ɗan wancan dagacin ne a kai, kuma ba sai sun gwada na jiha ba, na mace ɗaya za su nema. Kawu ya yi kuskure a kan takardar. Amma ban sami kalmar da za ta shiga tsakaninsa da abin da bayansa da ya sha bulala ya riga ya sani ba.

Ya daina cin abinci sosai. A wurin tsire ya ƙona nama har masu saye suka yi magana. Ɗan kasuwar zai koma Kano a farkon Sha'aban, kuma in kaset bai bi shi ba, babu wani mai tafiya kafin ranar zaɓe. Ana gobe zai tashi, da rana tsaka, Kawu ya rufe ƙofa da taga, ya ce in kunna rikoda.

Abin da ya fara ɗauka gajere ne. Ya ce a gaya wa yarinyar nan bai yarda ba, kada ta fita ranar, kada ta sake shiga gidan kowa da wannan magana, in kuwa ta ƙi to babu shi babu ita. Na mayar masa ya ji, kamar yadda muke yi kullum. Muryar da ta fito daga rikodar mai kaushi ce, ba irin wadda muka saba ji ba. Inna ta ce yarinya ta girma ba ta taɓa jin komai daga bakinsa ba sai ina kwana da yaya damina, yau da ya buɗe baki kuma sai da sanda. Ya daɗe yana kallon rikodar.

"Haka mutanen dagaci suka yi mini magana," ya ce. "Goge."

Na mayar da zaren farko. Ya gyara zama, ya fara da "A gaya wa yarinyar nan," sai ya tsaya. Sannan ya kira sunanta. Ban taɓa jin sunan a bakinsa ba, Inna ma haka, har ta kai gefen mayafi bakinta.

"In kin ƙudurta, ki je," ya ce. "Amma ki ji abin da zan gaya miki. Ki sami dutsen niƙa, ki ɗan jiƙa shi, ki riƙa goga babban yatsanki na dama a kai safe da yamma. A hankali, kada ya yi jini. Ranar da za ki je, kada ki zama ta farko a layi, kada ki zama ta ƙarshe. In kin shiga ki yi abin da ya kai ki, ki fito, ki tafi gida ta hanyar da mutane suke. Kada ki waiwaya ki ga su wa ke bayanki. Ni da na waiwaya sai na ga kusan ni kaɗai ne. Amma ban sauke hannun ba. In an ce miki na sauke, ƙarya ne."

Ya naɗe kaset ɗin cikin takardar tsire, ya kai wa ɗan kasuwar da kansa.

Ranar Asabar ɗin zaɓen bai hura wuta ba. Ya zauna a dakalin ƙofar gida tun hantsi, abin da ba ya yi, yana fuskantar bango, yana goga babban yatsansa a simintin. Maƙwabcin ya fito da rediyonsa, ya dube shi, ya rage murya da kansa, ya zauna kusa da shi. Suna nan zaune har aka kira azahar.

Da sakamako ya fito, ɓangaren Yaya ne ya ci a Kano. Maƙwabcin ya shigo yana murna, yana cewa a yanka rago, ga hannun Bakano ya yi nasara bayan shekara ashirin da wani abu. Kawu ya ce ya rufa masa asiri ya yi shiru. A ganinsa nasarar ta ƙara haɗarin, domin wanda ya faɗi shi ne zai zauna ya nemi waɗanda suka kayar da shi, sanata kuma Legas zai tafi, ba zai kwana a ƙauye ya tsare ƙofar kowa ba. Sauran zaɓuɓɓukan suka biyo baya mako bayan mako, kowanne da tasa basmar. Labarai suna kawo adadin ƙuri'u da sunayen manya. Babu gidan rediyon da zai faɗi ko wata mace a wani ƙauye ta kwana lafiya.

Haka ya yi azumi, haka ya yi salla. Duk inda ya zauna yatsan yana kan siminti, ko gefen tukubar tsire, ko bakin taga, har Inna ta gaji da ɗaure masa shi da tsumma. Ya rame. Da alhazai suka fara sauka ya riƙa zuwa masaukinsu kusa da filin jirgi, ya tsaya daga nesa yana sauraron harshe, in ya ji na wajenmu ya matsa ya tambaya da raɗa ko an ji wani abu ya faru a ƙauye kaza. Ba wanda ya san komai. A hanyar dawowa daga can ne ya faɗi, aka kawo shi gida gefe ɗaya ba ya motsi. Abu na ƙarshe da na ji ya faɗa a fili shi ne ko jirgin Kano ya sake sauka.

Ranar sadakar uku, muna zaune a tabarmin nan, wani baƙo ya shigo lungu da jakar alhazai a kafaɗa. Rabin jama'a sun yunƙura kafin ya yi sallama da Hausa. Ya ce daga ƙauyen da ke maƙwabtaka da namu yake, tun da ya sauka yake neman mai tsire na Hindawiyya, yau aka kwatanta masa gida. Sai a lokacin ya lura da tabarmi da tasoshin sadaka. Ya tsuguna ya yi addu'a, ya ciro kaset ya rasa wa zai miƙa wa.

Na ɗauko rikoda zan shiga ɗaki in rufe ƙofa, yadda mai gidan ya saba. Inna ta yi magana daga bayan labule ta ce halas, ya isa haka, a ajiye ta a dakali, a ƙure murya.

Yaya ta gaida mahaifinta, ta gaida Inna, ta gaida ƙannenta da ba ta taɓa gani ba. Sannan ta ce:

"Baba, saƙonka ya iso da sauran kwanaki. Na ji ka kira sunana. Na yi ta mayar da wurin har kaset ɗin ya fara ja."

Ta ce ta goga yatsan kamar yadda ya umarta, ta kuma gaya wa matan da take tarawa, su ma suka gaya wa wasu, har dutsen niƙan gidanta ya zama kamar bakin rijiya. Ranar zaɓe malamin da ke ba da tawada ya yi ta mita, wai matan garin nan wane irin aiki suke yi da yatsunsu ba sa kama tawada. Ta ce matar dagaci ce a gabanta a layi, da ta miƙa hannu sai Yaya ta ga ita ma nata a goge yake, suka haɗa ido, kowa ta kawar da kai. A nan masu ta'aziyya suka fashe da dariya, har da malamin da ya yi wanka, kuma a karo na farko tun da muka zauna ba wanda ya dubi bakin lungu.

"Ba wanda ya zo, Baba," in ji muryar. "Na jira, ba wanda ya zo. Ban waiwaya ba. Gero ya yi kyau bana. Ka zo gida ka gani."

Zaren ya ƙare, rikodar ta kashe kanta. Maƙwabcin ya ja rawaninsa ya rufe fuska. Babban ɗan Kawu, wanda Hausar ƙauye take yi wa sauri, ya tambaye ni me ta ce a ƙarshe, na maimaita masa a hankali, ya tashi ya shiga gida.

Alhajin da ya kawo saƙon zai koma bayan Arfa, kuma Yaya tana can tana jiran amsa. Inna ta miƙo hannu ta ƙarƙashin labule ta karɓi kaset ɗin, ta juya shi, ta ga ɗaya gefen babu komai, ta mayar mini. Ta ce ni na saba faɗa wa mutane labari, ni zan faɗa wa Yaya rasuwar. Na tambaye ta da me zan fara.

"Da sunanta," ta ce. "Yadda ya yi."

Allah ya gafarta wa Kawu, ya kwantar da shi inda babu mai kallonsa sai Mai rahama.